Ƙasan ulu ko ƙasan roba? Fashin baƙi kan rigimar takalman shiga kogi

Me zai sa gwamnati ta zauna ta yi doka a kan ƙasan takalmin masunci? Wannan tambaya takan taso duk shekara idan lokacin kamun kifi ya ƙarato a Amurka da Niyuzilan. Mutum zai tara kuɗi ya sayi takalmin shiga kogi mai tsada, ya kwana a hanya zuwa gandun dajin Yellowstone na Amurka, sai ya iso bakin ruwa jami'i ya duba ƙasan takalmin ya ga na ulu ne, ya ce ba za a shiga da wannan ba. Tun 2018 dokar gandun ke nan. Amma da zai fita daga gandun ya faɗa wani kogi a jihar Montana, babu mai ce masa uffan.

Daga nan ruɗanin yake farawa. Wasu suna cewa takalmi mai ƙasan ulu ne ya lalata koguna. Wasu suna cewa ƙage aka yi masa, kuma hana shi bai haifar da komai ba sai karaya da targaɗe. Mai son saye yana tsaye a tsakiya, 'yan kasuwa kuwa kowa yana yabon hajarsa.

Wane irin kamun kifi ake magana a kai?

Ba kamun kifi na koma ba ne, ba na taru ba, kuma ba fatsar da aka saba ba, ta a soka tana a ƙugiya a wurga a zauna jira. A wannan salon ƙugiyar ake naɗewa da zare da gashin tsuntsu da na dabba har ta koma kamannin ƙwaron da kifi ya saba ci. Da yake ƙwaron bogin ba shi da wani nauyi, igiyar ce ake yi mai nauyi. Masunci ya riƙa kaɗa ta a iska, gaba da baya, sannan ya shimfiɗa ta a kan ruwa, ƙwaron ya sauka a hankali, ruwa ya tafi da shi har bakin kifi. Kifayen da aka fi nema su ne tirawut da salmon, masu son ruwan sanyi mai gudu da ke gangarowa daga tsaunuka. Ana yin sa a Birtaniya da Norwe da Amurka da Kanada da Ajantina da Niyuzilan. A Afirka ma akwai shi a Afirka ta Kudu da Lesotho da Kenya, inda Turawan mulkin mallaka suka zuba tirawut a rafukan tsaunin Aberdare a 1905. Akasarin masu yi don nishaɗi suke yi, da yawansu ma sakin kifin suke yi bayan sun kama.

Aikin ba ya yiwuwa sosai daga kan gaɓa. Bishiyoyi za su riƙe igiya, kifin kuma yana can bayan wani dutse a tsakiyar rafi. Dole a shiga ruwa, wani lokaci zuwa gwiwa, wani lokaci har ƙugu, a yini ana taka duwatsun da ido ba ya gani. Shi ya sa ake sa wandon shiga ruwa, mai kaiwa ƙirji, wanda ruwa ba ya ratsawa. Wani yakan zo haɗe da takalminsa, ya fi ɗumi da sauƙin sawa, amma ƙafa takan yi yawo a cikinsa. Wanda aka fi amfani da shi yanzu yana ƙarewa ne da safa ta roba mai laushi, kaurinta wajen milimita 4, sai a ɗora masa takalmi daban. Wannan takalmin na daban shi ne abin maganarmu.

Sabon shiga yakan ɗauka takalmin ne zai hana ruwa taɓa ƙafarsa. A'a, wannan aikin safar wandon ne. Shi takalmin har ƙananan ƙofofi ake yi masa a gefe don ruwa ya shiga ya fita. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya kama dutse, ya tallafi idon sawu, ya kuma kare yatsu daga bugun duwatsu.

Me kowane irin ƙasa ke yi a kan dutse?

Dutsen da ya daɗe a cikin rafi ba tsirara yake ba. Akwai wani siririn yauƙi na gansakuka da ƙananan halittu da ke lulluɓe shi, wanda in ka shafa da yatsa za ka ji sulɓi. Duk gardamar a kan wannan yauƙin take: ta yaya ƙafa za ta ratsa shi ta kai ga dutsen kansa?

Ƙasan ulu matsattsen zare ne da aka danne har ya zama faifai mai kaurin wajen santimita ɗaya, irin kayan da ake yin jar dara da shi, sai dai ya fi ta tauri nesa ba kusa ba, kuma na yanzu yawanci zaren roba ne, ba gashin tumaki ba. Idan aka taka, dubban silin zaren nan suna lotsawa su bi shacin dutsen, su share yauƙin, su kama 'yan ramukan da ke jikinsa. Har gobe, a kan dutse mai sulɓi cikin ruwa mai gudu, ba a samu robar da ta kamo shi ba. Tsofaffin masunta da suka shekara talatin suna taka shi ba don taurin kai suke riƙe da shi ba.

Da an fito daga ruwa labarin ya canza. A kan laka, ko jiƙaƙƙiyar ciyawa, ko ganyayen da suka zube a gangare, ulu ba shi da haƙoran da zai kafa, sai zamiya. Mutum ya yini a tsakiyar kogi bai faɗi ba, ya zo ya zube a gaɓa yana hanyar komawa mota. A dusar ƙanƙara abin har da ban dariya, don ƙanƙarar tana mannewa a jiƙaƙƙen ulu tana taruwa, taku kaɗan sai ga dunƙule a ƙarƙashin kowace ƙafa, mutum yana tangaɗi yana tsayawa yana kankarewa da sanda. Tafiyar ƙasa mai nisa kuma tana cinye shi. Sai babban laifinsa, wanda ya kai shi gaban hukuma: ba ya bushewa da wuri. Ka ajiye shi a baranda kwana biyu ko uku, saman takalmin ya bushe ƙamas, ka juya shi ka danna ulun da babban yatsa, sai ka ga danshi ya taso, da 'yar laka a tare.

Roba akasin haka take. Tana da haƙora, tana tafiya a laka da ciyawa da dusar ƙanƙara da hanyar daji, tana ƙarko, tana wankuwa, tana bushewa. Sunan da ya fi fice a nan shi ne Vibram, kamfanin Italiya da wani mai hawan tsaunuka, Vitale Bramani, ya kafa a 1937. Kamfanonin takalman masunta da yawa a wurinsa suke sayen ƙasan takalmi. An yi ta gyara haɗin robar ana ƙara mata laushi da danƙo, kuma ta yanzu ta fi ta shekaru goma sha biyar da suka wuce sosai. Duk da haka, a kan dutse mai yauƙi roba zalla tana zama ne a saman yauƙin, ba ta ratsa shi.

Shi ya sa ake ƙara mata ƙusoshi. Gajeru ne, masu kai na ƙarfen tungsten mai tsananin tauri, ana murɗa su a ƙasan takalmin da sukudireba. Su ne ke huda yauƙin su karci dutsen. Roba mai ƙusa ita ce ta fi kusantar ulu a cikin ruwa, ta kuma fi shi a wajen ruwa. Amma ƙusa tana da nata abin kunya. Tana ɓata ƙasan kwalekwale, tana iya huda na roba mai iska, don haka masu ɗaukar baƙi a jirgin ruwa da yawa ba sa yarda a hau musu da ita. Tana ƙara a cikin ruwa. A kan fale-falen dutse mai tauri da ya goge, takan zame maimakon ta kama, musamman in an cika ta da yawa har robar ta daina taɓa ƙasa. Ba a shiga shago ko masauki da ita sai an yi faɗa da mai wurin.

Akwai kuma wata dabara da ta juya tunanin: maimakon ƙarfen da ya fi dutse tauri, a sa wanda bai kai shi ba. Alminiyam yana da laushi, idan aka taka sai dutsen ya ciji ƙarfen, riƙon ya yi ƙarfi ƙwarai. Kamfanin Patagonia ya yi suna da takalmi mai sandunan alminiyam a gicciye a ƙasansa. A kan manyan duwatsu masu sulɓi yana aiki matuƙa, sai dai yana da nauyi, kuma laushin da ya ba shi riƙo shi ne ke sa ya cinye da wuri. Kamfanin Korkers na birnin Portland kuwa ya bi wata hanyar, ya yi takalmin da ake zare ƙasansa a sa wani: roba a hanya, ulu a cikin ruwa inda doka ta yarda.

Daga ina haramcin ya samo asali?

A watan Oktoban 2004 aka ga wani abu a kogin Waiau da ke kudancin Niyuzilan wanda ba a taɓa gani ba a ƙasar. Wata irin gansakuka ce mai ƙwayar halitta ɗaya da ake kira didimo, masunta suna ce mata majinar dutse. Ita ƙwayar ido ba ya ganinta, amma tana fitar da wasu saiwoyi masu kauri da ke haɗuwa su shimfiɗe a ƙasan kogi, ruwan ƙasa-ƙasa ko fari-fari, su rufe duwatsu na tsawon kilomitoci. Ba ta cutar da ɗan Adam. Ɓarnarta ita ce tana canza irin ƙwarin da ke rayuwa a tsakanin duwatsu, manyan da kifi ya fi so su ragu, ƙananan tsutsotsi su ƙaru. Tana toshe bututun ban ruwa, tana maƙale wa ƙugiya, tana mayar da kogi mai kyan gani abin ƙyama. Cikin 'yan shekaru ta bazu a koguna sama da 150 na Tsibirin Kudu na Niyuzilan, ƙasar da baƙi ke biyan maƙudan kuɗi su zo kamun tirawut.

Da masana suka gwada kayan masunta, sai suka ga ƙwayoyin didimo suna shigewa can cikin ulu, inda wankin sama-sama ba ya kaiwa, kuma suna iya yin makonni da rai muddin akwai danshi da sanyi. Masuncin yau kuwa yana iya taka wani kogi a Amurka ranar Asabar, ya taka wani a Niyuzilan ranar Talata, takalminsa bai bushe ba a cikin jaka. A watan Oktoban 2008 Niyuzilan ta hana kamun kifi a ruwan daɗi da takalmi mai ƙasan ulu.

A Amurka an riga an sha wuya da wasu baƙin. Cutar hajijiyar kifi, wadda asalinta Turai ne, ta shigo ƙasar a shekarun 1950. Ƙwayar cutar tana cin guringuntsin ƙananan kifaye, ƙashin bayansu ya karkace, wutsiya ta yi baƙi, su riƙa juyi a wuri ɗaya har su mutu ko a cinye su. A 1994 aka tabbatar da ita a kogin Madison na Montana, ɗaya daga cikin kogunan tirawut mafi shahara a duniya, inda wani nau'in tirawut ya ragu da wajen kashi 90 cikin 100 a wani sashen kogin. Ƙwayoyinta suna daɗewa a cikin laka, laka kuwa tana bin takalmi. Ga kuma wani ɗan mitsitsin dodon koɗi ɗan asalin Niyuzilan, tsawonsa bai wuce milimita 4 zuwa 6 ba, da aka gani a kogin Snake na jihar Idaho a 1987. Macensa ba ta buƙatar namiji kafin ta hayayyafa, ƙwaya ɗaya tak ta isa ta cika kogi.

Saboda haka da labarin didimo ya zo, an riga an tsorata. A 2008 ƙungiyar Trout Unlimited, mai kare kifin tirawut a Amurka, ta roƙi kamfanoni su daina ƙera takalmi mai ulu kafin 2011. A 2009 wani masanin gwamnatin Kanada, Max Bothwell, ya fitar da nazarin da ya danganta ɓarkewar didimo a tsibirin Vancouver na Kanada, wadda ta faro a ƙarshen shekarun 1980, da yaɗuwar takalman ulu a tsakanin masunta. A Amurka, jihohin Maryland da Vermont suka hana takalman ulu a 2011, Alaska a 2012, Missouri ma ta hana a wasu ruwayenta na tirawut a shekarar.

Kamfanin Simms na garin Bozeman a jihar Montana, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera kayan shiga ruwa, ya sanar zai daina yin mai ulu daga 2010. Aka yi ta yaba masa. A 2011 ya lashe amansa, ya ce ulu zai dawo a 2012, don masu saye ba su bi shi ba, sun koma wurin kamfanonin da ba su daina ba. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan wane ne masunta suka fi amincewa da shi a cikin ruwa.

Binciken da ya dagula lissafi

A 2014 Bothwell ɗin nan dai, tare da wani masani Brad Taylor, suka fito da bayanin da ya girgiza hujjar farko. Suka nuna cewa didimo ta daɗe a koguna da yawa na Arewacin Amurka da Turai, akwai burbushinta a tsohuwar lakar ƙasan tafkuna tun kafin a san takalmin ulu. Ba baƙuwa ba ce a can, zaune take shiru. Abin da ke sa ta haukace ta fitar da saiwoyin nan masu yawa shi ne ƙarancin sinadarin fosfaras a cikin ruwa. Wato saɓanin sauran gansakuka da ke bunƙasa idan taki ya yi yawa, ita sai ruwa ya yi tas, babu abinci, take ɓarkewa. In haka ne, sauyin yanayi da sauyin amfani da ƙasa su ne abin tuhuma a wurare da yawa kafin takalmi.

Ba kasafai ake samun masanin da zai fito ya warware maganar da ta yi masa suna ba, kuma hukumomi sun saurara. Vermont ta bar dokarta ta faɗi a watan Yulin 2016. Masoya ulu suka yi ta murna, suna cewa an wanke shi.

Ba a wanke shi ba. A Niyuzilan babu wata shaidar didimo kafin 2004, don haka can har yanzu ana ɗaukar ta a matsayin abin da mutane suka shigo da shi. Sannan binciken bai taɓa batun cutar hajijiya ba, wadda ta ci gaba da tafiya har aka same ta a Kanada a 2016, a wani tafki cikin gandun Banff. Yellowstone ma ai bayan binciken ta kafa tata dokar, ba kafinsa ba.

Masu goyon bayan haramci suna cewa ulu shi ne sashen kaya mafi wuyar wankewa, cire shi kuma doka ce mai sauƙin dubawa: jami'i ya ɗaga ƙafarka ya gani, shi ke nan. Masu adawa suna cewa akwai dattawa da masu ciwon gwiwa da ulu ne ke tsare su, faɗuwa a ruwan sanyi mai gudu kuwa tana kisa. Suna ƙarawa da cewa kwalekwale da tirelarsa da karnuka da agwagwin daji duk suna ɗaukar ƙwayoyin nan, me ya sa sai takalmi? A ganina kowanne yana da gaskiya, amma akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba: wanda ya sayi mai roba yakan ji ya sauke nauyi, ya daina wanki. Alhali dodon koɗin nan ba ruwansa da ulu. A bakin ɗinki yake ɓuya, da ƙarƙashin harshen takalmi, da ramin igiya, da ƙasan shimfiɗar ciki. Yana da ɗan murfi da yake rufe bakin ƙoƙonsa, ya yi kwanaki a wuri mai danshi bai mutu ba. Dokar da ta sa mutane suka canza takalmi amma suka bar wanki ta yi gudun gara ne ta faɗa gidan zago.

Ga mai saye, abin da wannan ke nufi a fili yake. Wanda ke yawo daga kogi zuwa kogi, ko daga ƙasa zuwa ƙasa, roba mai ƙusa ce tasa, ko don kada a tare shi a bakin ruwa. Wanda kuwa kogi ɗaya yake shiga duk shekara, mai duwatsu masu sulɓi, motarsa tana kusa da gaɓa, doka kuma ba ta hana ba, ban ga dalilin da zai sa ya bar ulu ba.

Awon ƙafa: inda aka fi yin asara

Ana ɓata sa'o'i ana gardamar ƙasan takalmi, amma abin da ya fi sa mutane jefar da sabon takalmi shi ne kuskuren awo. Ƙafar da za ta shiga ba ita kaɗai ba ce: akwai safar ulu mai kauri, akwai safar robar wandon a kanta. Shi ya sa aka saba cewa a ƙara lamba ɗaya a kan takalmin da mutum yake sawa kullum. Sai dai wasu kamfanonin sun riga sun ƙara wannan sararin a lambarsu, wasu ba su ƙara ba, don haka maganar lamba ɗaya ba ta da tabbas sai an gwada.

Gwajin kuwa da wandon a jiki ake yi. A sa safar da za a sa a kogi, a sa wandon, a zura ƙafa a ɗaure igiya sosai. Yatsu su iya motsi, dunduniya kuma kada ta riƙa ɗagawa idan an taka. A tsaya a kan matakala a karkata gaba kamar mai sauka gangare. Idan babban yatsa ya daki gaban takalmin, ya yi kaɗan. A durƙusa a ji ko bakinsa yana cizon ƙwauri. Takalmin da ya matse yana hana jini gudu, ƙafar da jini ba ya gudu a cikinta kuwa ba safar da za ta ɗumama ta a ruwan da ya fito daga narkakkiyar ƙanƙara. Mutane da yawa suna zargin wandonsu da yoyo alhali matsi ne ya sandarar musu da yatsu. Wanda ya yi yawa shi ma matsala ne, ƙafa tana zamewa a ciki, safar robar tana naɗewa tana gogewa har ta huje. Mai shiga ruwa da hunturu ya nemi sarari fiye da mai shiga da bazara.

Fata, igiya, nauyi da farashi

Fata tana ƙarko kuma tana riƙe idon sawu, amma tana shan ruwa ta yi nauyi, tana jinkirin bushewa, in ta bushe kuma ta ƙanƙance ta yi tauri sai an jiƙa ta kafin ta shiga. Kayan roba na zamani sun fi sauƙi da saurin bushewa. Mai tafiyar kilomitoci kafin ya kai ruwa ya nemi mara nauyi, mai taka manyan duwatsu ya nemi mai dogon wuya da taurin gaba.

Wajen ɗauri akwai igiya, akwai kuma tsarin BOA, siririyar waya da ake murɗawa da ɗan maɓalli, wanda aka fara yi wa masu wasan zamiya a dusar ƙanƙara. Yana da daɗi idan yatsu sun sandare da sanyi. Amma in igiya ta tsinke a daji ana ƙulla ta a ci gaba, wayar kuwa sai da kayan gyara. Farashi yana farawa daga wajen dala 100 ya haura dala 400. Wanda zai shiga ruwa sau biyar a shekara ba ya buƙatar na ƙarshen nan. Gara ya rage kuɗin ya sayi sandar dogarawa, da bel ɗin da ake ɗaure wandon a ƙugu don kada ya cika da ruwa in an faɗi. Waɗannan biyun sun fi bambancin da ke tsakanin takalmin dala 200 da na 400 ceton rai.

Idan ruwan ba na sanyi ba ne

A gaɓar teku mara zurfi, irin ta Bahamas da Seychelles, babu yauƙin dutse, akwai murjani mai kaifi da ƙayoyin halittun ruwa da yashi mai shiga ko'ina. Can roba mai kauri ake so, da wuyan da ya rufe sosai, kuma duk wani ƙarfe a jikin takalmin gishiri zai cinye shi in ba a ɗauraye da ruwan daɗi ba.

Kusa da gida ma ana wannan salon kamun kifi. A kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai daf da iyakar Najeriya, baƙi suna zuwa da rani neman giwan ruwa da tsage da ƙwaron bogi. Zafin wurin ba ya barin a sa wandon shiga ruwa, sai safar roba da takalmi kawai, ana tafiya a kan yashi da busassun duwatsu fiye da cikin ruwa. Ulu ba shi da wani amfani a nan. Abin lura daban ne: kada da dorina, sai kuma tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗin ruwan daɗi ta ratsa fatar mutum. Takalmi da safar da ruwa ke shiga ba sa tare ta, komai tsadarsu. Duk wanda ya yi kwanaki yana shiga irin wannan ruwa ya kamata ya je a gwada shi.

Wanki, da abin da ake tambaya a filin jirgi

Ƙa'idar da Niyuzilan ta yaɗa, wadda wasu ƙasashe suka ɗauka, matakai uku ce: a duba, a wanke, a busar. Dubawa tun a bakin kogin ake yi, a cire laka da ciyayi da burushi, a zare shimfiɗar ciki, a kwance igiya a leƙa ƙarƙashin harshen takalmin. Kayan da ke shan ruwa irin su ulu sai an jiƙa su a ruwan zafi da ya haura digiri 45 a ma'aunin Celsius na aƙalla minti 40, ko a sa su a firiza har su daskare gaba ɗaya. Masunta da yawa firizar suke zaɓa, su naɗe takalmin a leda su tura shi kusa da nama su kwana. In busarwa za a dogara da ita, sai kayan sun bushe ciki da waje, sannan a ƙara sa'o'i 48 kafin a shiga wani ruwan. Wasu masu hali suna ajiye takalmi biyu, kowanne da kogin da yake shiga.

Ƙasashen da suka ɗanɗana asara ba sa barin wannan ga ganin damar matafiyi. Norwe, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Gyrodactylus salaris ta shigo mata a shekarun 1970 ta hallaka 'ya'yan salmon a koguna da dama, har ta kai ana zuba guba a kogi gaba ɗaya don a kashe cutar tare da kifin a sake zuba sabo, tana buƙatar a tsaftace kayan kamun kifi da magani kafin a matsa daga wani ruwa zuwa wani. Ayislan tana neman takardar shaidar an tsaftace kayan da aka taɓa amfani da su a waje, in babu a yi wa mutum a filin jirgi ya biya. A Niyuzilan kuwa takardar da ake cikewa kafin sauka tana tambaya ko akwai kayan da suka taɓa ruwan daɗi a cikin jaka. Jami'ai suna buɗewa su duba, mai danshi ko laka a riƙe shi a yi masa magani, wanda ya ɓoye kuma a ci shi tara nan take.